Kakuri Bayan Jiniya

Wanda ya tashi a kudancin garin Kaduna kafin shekarar 2000 bai cika buƙatar agogo ba. Jiniyar masaƙu ce ke raba masa yini: ta yi kuka da sassafe, ta sake da azahar, ta kuma yi da dare. Da ita uwar gida ke sanin lokacin ɗora tukunya, da ita mai shayi ke ƙara itace. Kwanakin baya hanya ta biyo da ni ta Kakuri daidai lokacin da a da ake canjin duti, sai na rage gudu don sabo, ina jiran kekuna su toshe titi. Ko ɗaya babu. Dogayen katangu ne da ciyawa ta haye, da rufin kwano da iska ta yaye, da masu Keke Napep sun jeru a inuwa suna jiran fasinja.

A da, in jiniyar nan ta yi kuka, titin ba ya biyuwa. Masu fita daga aiki da masu shiga su haɗu a bakin ƙofa, kekunan Raleigh ba iyaka, ƙararrawa na tashi ta kowane ɓangare, 'yan babura kaɗan na kutsawa a tsakani. Ka gane wanda ya fito daga sashen kaɗi da farin ƙurar auduga a gira da gashin baki, kamar furfura ta riske shi cikin yini guda. Na sashen rini kuwa farcensa ke tona shi. Unguwar tana da warinta, na sitaci da sinadarin rini da baƙin mai, kuma ruwan kwatar da ke gangarawa kogin Kaduna yau ja ne, gobe shuɗi. Mu yara muna tsayawa kallo, muna cacar wane launi zai zo. Ba wanda ya gaya mana guba ce.

A bakin ƙofar akwai mata masu abinci, kowace da rumfarta da littafinta. Tuwo da miyar kuka, shinkafa da wake, teba, sakwara, don ma'aikatan daga ko'ina suke: Bahaushe, Bajju, Tibi, Idoma, Igala, Bayarabe, mutumin Bendel. Ba mai biya nan take. A ci, a rubuta, sai ƙarshen wata. Mai gidan haya ma ƙarshen wata yake jira, haka tela, haka mai kanti, haka uwar adashi. Duk unguwar a kan alkawari ɗaya take tsaye, wato ranar kaza ga wata kuɗi za su fito, kuma suna fitowa.

Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ce ta kafa masaƙar farko, Kaduna Textiles, da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Ingila, ta fara aiki a 1957. Bayanta aka samu Nortex, da Arewa Textiles ta haɗin gwiwa da Japanawa, da UNTL wadda 'yan kasuwar Hong Kong suka kafa a 1964. Hikimar a fili take: ga auduga a Funtua da Malumfashi da Gusau da Gombe, ga injinan gurza, ga jirgin ƙasa, ga ruwan kogi, ga jama'a masu son sutura. Me zai sa a kai audugar Ingila a dawo mana da ita akoko da alawayyo? Kano ma ta cika Bompai da Sharada da Challawa da masana'antu. A farkon shekarun 1980 ƙasar na da masaƙu fiye da 100, kuma in ka cire gwamnati ba mai ɗaukar ma'aikata kamarsu.

Kawuna na cikin waɗanda wannan zamani ya ɗaga. Daga ƙauye ya zo, bai gama firamare ba, aka ɗauke shi shara a ɗaya daga cikin masaƙun. Da kallo ya koyi ƙulla zare, har aka ba shi injinan saƙa yana lura da su. Lokacin kuɗin Udoji, da gwamnatin Gowon ta ƙara wa ma'aikatanta albashi har da ariyas a farkon 1975, su ma na kamfanoni suka tayar da ƙayar baya sai da aka ba su. Ya sayi rediyo da babur, ya sayi fili, ya fara aza bulo ɗaki ɗaya bayan ɗaya. A 1981, bayan yajin aikin da Hassan Sunmonu ya jagoranta, aka sa mafi ƙarancin albashi naira 125. A canjin wancan lokacin kuɗin sun kai dala 200. Ma'aikatan suna da ƙungiya mai haƙori, wadda hedikwatarta ke nan Kaduna. Daga cikin masaƙar Arewa Adams Oshiomhole ya taso, ya zama babban sakatarenta a 1982, kafin ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa. Mutumin da bai iya rubuta wasiƙa ba yana da wanda zai zauna da manaja a madadinsa, a yi ciniki kan albashinsa da hutunsa da kuɗin asibitinsa.

Wannan shi ne abin da ya ɓace, kuma ya fi gine-ginen muhimmanci: matakalar da ɗan talaka zai taka ya hau, ba don ya san wani ba, ba don ya yi sata ba. Ba hawa mai nisa ba ce. Gida mai ɗaki huɗu ne, da 'ya'ya a makaranta, da ragon layya ba tare da roƙo ba.

Amma in an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sahu. Wannan daula ta Kakuri wani ne ya biya kuɗinta, kuma na san shi, don ƙanin kawun nawa ne da ya zauna a ƙauye yana noman audugar. Shi ba shi da ƙarshen wata. Yana da kaka ɗaya a shekara, ya ɗora buhunansa a jaki ya kai fuloti, malamin sikeli ya auna, ya faɗi daraja, a biya shi farashin da hukumar auduga ta yanke tun daga birni. Ba shi da ikon kai kayansa wani wuri. Abin da ke tsakanin farashin fuloti da na kasuwar duniya shi ya gina ofisoshi da tituna da bai taɓa takawa ba. Da kuɗin fetur suka zo, naira ta yi ƙarfin da shinkafar waje da alkama suka fi amfanin gonarsa araha, matasan ƙauyen suka watse zuwa birni. Haraji da jangali kuwa suna wuyansa har 1979, lokacin da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke su a jihohin Kano da Kaduna. Duk wanda ya ce maka a da ba bambanci tsakanin mai shi da mara shi, a birni ya tashi.

Masaƙun kansu ma ba su tsaya da ƙafafunsu ba. An hana shigo da yadin waje domin a kare su, saboda haka mace a ƙauye ke sayen turmin atamfa da tsada ko tana so ko ba ta so. Injinansu, da kayan gyara, da sinadaran rini, har da wani kaso na audugar, duk daga waje ake sayowa da dalar fetur mai araha. A cikin ɗakin saƙa ƙara ba ta bari a ji magana sai da hannu. Kawu ya tsufa yana karkata kunne ɗaya, da tarin da bai rabu da shi ba. Mata kuwa kaɗan ne ƙwarai suka tsallaka ƙofar zuwa ciki. Nasu rabon shi ne rumfar abinci.

Sai farashin fetur ya karye. A watan Afrilun 1982 gwamnatin Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu, aka taƙaita shigo da kaya. A Janairun 1983 aka kori baƙin haure fiye da miliyan ɗaya, yawancinsu 'yan Ghana, da 'yan Nijar da Chadi a ciki, wai su ne suka cinye ayyuka. Suka tafi, aikin bai samu ba. Gwamnatin soja ta Buhari ta zo ta rage ma'aikata da yawa a 1984, ta canja launin kuɗi, ta rufe iyakoki. Ina tuna layin kayan masarufi: madara, sukari, sabulu, omo, a tsaya tun hantsi, soja na zagayawa da bulala, a kai kanka a ce ya ƙare. Da yamma kuma ka ga kayan nan a kasuwa da ninkin kuɗi. A waɗannan shekarun takarda mafi daraja a ƙasar ita ce lasin shigo da kaya. Mai masana'anta na neman ta ido rufe, wanda ya san wani a ma'aikata ya same ta, ya sayar masa ba tare da ya taɓa ganin tashar jirgin ruwa ba. Masaƙu suka koma aikin rabin mako saboda rashin kaya, aka fara tura mutane hutun dole.

Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A sha'anin tattalin arzikin ƙasar nan ban taɓa ganin haka ba. Waɗanda suka ciyo bashi lokacin yalwa, suka yi odar siminti har jiragen ruwa suka toshe tashar Legas, suka raba kwangilar da ba a yi ba, ba su ne suka tsaya a layin madara ba.

Babangida ya zo da salo na daban. A ƙarshen 1985 ya ce jama'a su yi muhawara kan karɓar bashin Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Aka yi ta yi a jarida da rediyo, aka ce ba a so, ya ce ya ji. A watan Yulin 1986 sai ga shirin gyaran tattalin arziki na SAP, ɗauke da kusan duk sharuɗɗan da aka ƙi. A Satumba aka fara gwanjon dala. Naira da a 1985 ta fi dala daraja, kafin shekarar 1986 ta fita sai an ba da uku zuwa huɗu a karɓi dala ɗaya. Zuwa 1993 ta kai 22 a farashin gwamnati. Litar fetur ta tashi daga kwabo 20 zuwa 39.5, da aka ƙara ta zuwa kwabo 42 a Afrilun 1988 sai da aka yi tarzoma a Jos, a Mayun 1989 kuma birane da dama suka kama da wuta.

A nan ya kamata a yi adalci, domin an saba ɗora wa SAP duk wani laifi, har da wanda bai yi ba. Rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986 ya 'yanta manomi daga malamin sikeli. Ƙanin kawu ya fara ganin 'yan kasuwa na bin sa har gona suna taya audugarsa. An soke lasin shigo da kaya, wata babbar kafar cuwa-cuwa ta toshe. Masaƙun ma ba su mutu a lokacin ba. Faɗuwar naira ta sa atamfar Nijeriya ta yi araha a maƙwabta, fatake suka riƙa kwasarta zuwa Nijar da Kamaru da Benin, wasu masaƙun suka farfaɗo na ɗan lokaci, ko da yake da ma'aikata ƙasa da na da.

Abin da SAP ya kashe shi ne darajar albashi. Takardar biya na nuna ƙari, kasuwa na nuna ragi. Malamin firamare, da akawu, da nas, da ɗan sanda, mutanen da a da ake ba su mata da alfahari, suka wayi gari albashinsu ba ya kai tsakiyar wata. A lokacin ne acaɓa ta bazu: ma'aikaci ya tashi daga ofis ya rufe fuska da hular sanyi don kada ɗalibansa ko surukansa su gane shi, ya hau babur ɗin da ya saya da kuɗin Udoji yana ɗaukar fasinja. Asibitin gwamnati ya koma wurin rubuta magani, ka je ka sayo, har da safar hannu da auduga. 'Yan jami'a suka ƙirƙiro lissafin cin abinci, sifili-ɗaya-sifili. Malamansu masu digiri uku suka tattara zuwa Amurka da Ingila da Saudiyya. A daidai wannan lokacin bankuna suka ninka kusan sau uku cikin 'yan shekaru, ba don an samu masu ajiya ba. Sana'ar da yawansu ita ce su karɓi dala a farashin gwamnati su sayar a bayan fage. Wanda ke kusa da tagar dala ya kwana talaka ya tashi attajiri, wanda ke riƙe da naira ya kwana da kuɗin buhu ya tashi da na kwano.

Gwamnati ba ta rasa abin nunawa ba. An kafa hukumar samar da aikin yi ta NDE, da DFRRI ta raya karkara, da Bankin Al'umma a 1989, da shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida. Wasu sun amfana, akwai rijiyoyi da hanyoyin burji da har yau ake cewa na DFRRI ne. Sai dai an ɗebe da kwarya an mayar da ludayi.

Mutuwar masaƙun ta zo ne daga baya, a hankali, ta hanyoyi da yawa. Wutar NEPA ta zama sai an gani, kowace masaƙa ta koma kan janareta. Baƙin man da tukwanen tururi ke sha, wanda ake samu daga matatar Kaduna, ya yi wuya ya yi tsada. Nijeriya ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a 1995, aka buɗe ƙofar shigo da yadi a 1997, daga baya aka sake rufewa a takarda. Kayan Sin suka riƙa sauka a Kwatano, su haura Nijar, su shigo ta kan iyakar Katsina cikin manyan motoci da dare, wasu ɗauke da zane da tambarin masaƙun Kaduna da aka kwaikwaya. Masu masaƙun su ma ba su wanku ba: da yawa sun ci riba shekara da shekaru ba su sabunta inji ba. Kaduna Textiles, mallakar jihohin Arewa 19, ta rufe a 2002. UNTL, babbar cikinsu, ta rufe a 2007. A tsakani sauran suka bi. An ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu a 2010 don farfaɗo da harkar, amma bashi ba ya kawo wuta, ba ya kuma tsare iyaka.

Inda kawu ke aiki, takarda aka manna a ƙofa. Aka ce a dawo a ji maganar garatuti. Ya riƙa zuwa, shi da abokan aikinsa, su zauna a gindin katanga su yi taro, a karanta sunayen waɗanda suka rasu tun zaman da ya wuce. Wata rana na ce masa, "Kawu, da ka haƙura ka koma gida ka kama noma mana." Ya karkato kunnen da ke ji, na maimaita. Ya ce, "Ɗan nan, gonar da na bari tun kana goye? An raba ta tuni. Kuma in na tafi, ranar da za a biya wa zai amsa sunana?" Ya sayar da babur, ya sa 'yan haya a ɗakuna biyu, matarsa Inna ta fara ƙosai a ƙofar gida. Bai karɓi kuɗin ba har ya koma ga Allah.

Ba na cewa rufe masaƙu ne ya haddasa rikicin Kaduna na 2000 da na 2002. Tushensa ya fi haka zurfi, kuma na farkon ya zo masaƙun na aiki. Amma wurin da Musulmi da Kirista ke tsayawa kan inji ɗaya, su ci bashi a rumfa ɗaya, su yi yajin aiki tare, ya rushe a daidai shekarun da garin ya rabu biyu, kowa ya koma tsallaken da nasa suka fi yawa. Ba a sake gina wani wuri makamancinsa ba.

Da can akwai wani abu kuma da ke rage kaifin bambanci tsakanin mai shi da mara shi. Attajiri a unguwa yake, ƙofa ɗaya da maƙwabta, zaurensa a buɗe, da magariba a fito da akussa kowa ya sa hannu. Dattawa kan ce arziki na jama'a ne, kuma mai kuɗin da ba a ci a gidansa ba a gaishe shi da daraja. Yau ya ƙaura rukunin gidaje mai ƙofar ƙarfe da mai gadi, 'ya'yansa ba sa zama aji ɗaya da na direbansa, asibitinsa na Alƙahira ko Dubai. Ba ya ganin yunwar, yunwar ma ba ta ganinsa sai ta gilashin mota. Duk da haka ba zan yi wa zauren nan kuka fiye da kima ba. Tuwon akwai durƙuso a cikinsa, akwai "ranka ya daɗe" ko an yi maka ba daidai ba. Abin da Malam Aminu Kano da 'yan NEPU suka sha ɗauri a kai ke nan, cewa talaka haƙƙi yake nema, ba sadaka ba. Albashin masaƙa ya fi tuwon zaure da abu ɗaya: ba sai ka yi wa kowa godiya ba.

Zamanin nan kuma bai zo hannu rabbana ba. Shiga kasuwar Kantin Kwari ta Kano ka gani: atamfa da shadda da leshi kala-kala, a farashin da mai wankau za ta iya yi wa 'ya'yanta ɗinkin Sallah, abin da uwarta ba ta iya ba sai shekara-shekara. Kasuwar na ciyar da dubban 'yan dako da dillalai da teloli, mutane na zuwa saro daga Nijar da Chadi da Kamaru. Wayar salula da ta shigo a 2001 ta buɗe sana'o'in da kawu bai taɓa mafarkinsu ba. Matan aure na sayar da turare da kayan ɗaki daga cikin ɗakunansu ta WhatsApp, suna riƙe da kuɗin kansu fiye da iyayensu mata. 'Ya'yan talakawa da suka ga jami'a sun ninka na da nesa ba kusa ba. Sai dai ka duba yadda ribar ke rabuwa. Wanda ke da jarin cika kwantena daga Guangzhou shi ke kwashe kitsen. Ɗan dako na samun na yini. Aikin kaɗi da saƙa da rini, mai albashi da fansho, yana can wata ƙasa. A Sharada da Bompai wasu tsofaffin masana'antun sun zama rumbunan ajiye kayan da suka kashe su.

Shi ya sa da aka sake shiga matsi, a 2016 da 2020, sannan babban na 2023, mutanen tsarata suka ji kamar an maimaita musu karatun da suka haddace. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai a jawabin rantsuwa. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, ta haura 1,000 a 2024. Aka saki naira a watan Yuni, dala ta tashi daga wajen 460 ta wuce 1,500 cikin watanni. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Da aka sa mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a Yulin 2024, kuɗin ba su kai dala 50 ba, ba su kuma isa sayen buhun shinkafa a lokacin ba. A ajiye wannan kusa da naira 125 ta 1981.

Ba na cikin masu cewa tallafin man alheri ne zalla. Ya ci fiye da naira tiriliyan 4 a 2022 kaɗai, mai motoci biyar ya fi mai keke cin moriyarsa, wani kason na tsallaka iyaka a jarkoki, wani kuma a takarda kawai ake shigo da shi. Farashin dala biyu shi ma tsohuwar tagar nan ce ta masu hanya. Gyara ya zama dole. Inda nake da ja shi ne tsarin rabon wahalar. Ita wahalar ta iso rana ɗaya, ga kowa, ba sai an cika fom ba. Sauƙin kuwa sai an kafa kwamiti, an tantance, an yi rajista: naira 25,000 sau uku ga gidajen da sunansu ya fito, da tirelolin shinkafa da ake rabawa ana turmutsitsi. Kason da gwamnoni ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai. Kafin shekarar 2023 ta ƙare an saya wa 'yan majalisar tarayya manyan motoci na alfarma, a daidai lokacin da ake roƙon jama'a su ƙara haƙuri. Da matasa suka fito zanga-zangar yunwa a Agustan 2024, a Arewa ta fi zafi, kuma ba abin mamaki ba ne: rahoton hukumar ƙididdiga ta NBS na 2022 ya nuna mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da dama, miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke.

Ita dai hukumar ta ce a ƙarshen 2020 kashi 33.3 cikin ɗari na masu aiki da masu neman aiki a haɗe ba su da aikin yi. A 2023 ta canja ma'auni, adadin ya koma 4.1. A sabon lissafin, duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ya samu wani abu, ma'aikaci ne. Masana sun ce haka ake aunawa a duniya, kuma akwai gaskiya a ciki, domin a ƙasar da ba a biyan mara aiki ko sisi, zaman banza ma sai mai gata. Kowa na yin wani abu: tura baro, sayar da ruwan leda, cajin waya, jari-bola. Abin da lissafin ba ya nunawa shi ne nawa ne a cikinsu za su iya cewa mai abinci ta rubuta sai ƙarshen wata. Masu abincin ma sun daina ajiye littafi.

Jikan kawu ya gama jami'a, ya yi hidimar ƙasa, ya shiga shirin N-Power na gwamnati mai biyan naira 30,000 har aka sallame su. Yanzu yana da tebur da laima da na'urar POS a bakin titi, ba nisa da katangar da kakansa ke zama. Ya fi kakan nasa ilimi nesa, yana karanta labarin duniya a tafin hannunsa, ba ya shaƙar ƙurar auduga. Amma ya haura talatin bai yi aure ba, a ɗakin da kakan ya gina yake kwana. Na ba shi labarin bututun gas da aka fara shimfiɗawa a 2020 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, na ce in ya iso wataƙila masana'antu su samu wuta mai araha, wasu su dawo. Ya fi ni sanin zancen. Ya ce ya ga bidiyon masaƙun zamani, ɗaki guda cike da injina, mutum biyu ko uku ne ke zagayawa a ciki.

"To ko kaɗan ne ai an rage," in ji ni.

Ya ce, "Baba, kaɗan ɗin ma sai mai takardar ɗan majalisa. Nawa za a cire maka?"